Yadda ake haska cikon haƙori har ya sandare ciki da waje

Farin cikon haƙori da ake sandarar da shi da shuɗin haske, wato kwamfozit, yana da hali guda mai yaudarar ma'aikaci: samansa kusan kullum yakan yi tauri. Fitila ta yi rauni, ko an riƙe ta a karkace, ko an yanke lokaci, duk ɗaya ne. Ka sa tsinke ka taɓa saman, sai ka ji shi ƙam kamar aiki ya kammala. Ƙasan ne ba ka gani, can inda ciko ya haɗu da haƙori. Kamar taɓo ne da rana ta busar da bayansa, cikin kuwa yana nan da laushinsa. Irin wannan cikon ne mai shi kan dawo bayan 'yan watanni yana cewa haƙorin na yi masa tsami in ya tauna abu, ko ka tarar baƙin zare ya kewaye gefensa, ko ya gutsure, ko sabuwar ruɓa ta kama a ƙarƙashinsa. Sai a ɗora wa kayan laifi, alhali haske ne bai kai inda ake bukatarsa ba.

Sanin abin da ke faruwa a cikin cikon yayin da fitila ke kunne shi zai sa matakan da ke tafe su zauna a kai. Kwamfozit haɗi ne na garin gilashi ko silika da wani ruwan roba mai danƙo. Ginshiƙin ruwan robar a yawancin kayan shi ne Bis-GMA, wanda Rafael Bowen ya samar a Amurka a farkon shekarun 1960. Ƙwayoyin wannan ruwa a warwatse suke, sai an ɗaure su da juna sun zama sarƙa kafin abin ya yi tauri. Mai tayar da wannan ɗauri wani sinadari ne da ake zuba kaɗan a ciki, wanda ya fi yawa shi ne kamforkwinon. Launinsa rawaya ne, yana shan haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 400 da 500 (nanomita shi ne ma'aunin zangon haske, zangon kuma shi ke nuna launinsa), ya fi sha a wajen 468. Da haske ya same shi, sai ya haɗa kai da wani sinadarin amin, su kunna ɗaurin. Inda haske bai kai ba, ba abin da zai motsa. Ko a aiki mai kyau ma ba duka ƙwayoyin ke ɗauruwa ba, yawanci kashi 55 zuwa 75 cikin 100 ne. Ke nan tun asali ba a da rarar da za a yi wasa da ita. Duk abin da ya rage haske yana ƙara yawan ƙwayoyin da suka rage a sake, su kuma su ne ke tsatsafowa cikin baki, su bar ciko da rauni.

Mataki na farko: ka tabbatar fitilarka da kayanka sun dace da juna

Ba kowane shuɗin haske ne ke aiki a kan kowane kwamfozit ba. Saboda rawayar kamforkwinon tana ɓata kalar ciko mai fari sosai, masu ƙera kaya kan sa wasu sinadaran a madadinsa ko tare da shi. Lucirin TPO, alal misali, ya fi shan haske a ƙasa da nanomita 420, wato ɓangaren shunayya. Ivocerin kuma ya fi sha a wajen 408, ko da yake yana kaiwa cikin shuɗin. Tsohuwar fitilar halojin tana ba da haske mai faɗin zango, don haka ba ta da wannan matsala. Fitilar LED mai ƙwai iri ɗaya kuwa haskenta a tattare yake a wajen 450 zuwa 470. Ta dace da kamforkwinon, amma ba ta taɓa TPO sosai. Shi ya sa aka fito da LED mai ƙwai iri biyu, shuɗi da shunayya.

Abin yi a nan ba wuya. Ɗauko takardar da ke cikin kwalin kwamfozit da ta gam ɗin da kake manna ciko a haƙori da shi, ka duba zangon hasken da suka nema, ka gwada da wanda aka rubuta a littafin fitilarka. Sau ɗaya ake yin wannan ga kowane sabon kaya. A riƙa tunawa kuma cewa hasken shunayya ba ya nutsawa cikin ciko kamar shuɗi, a saman yake ƙarewa, don haka kayan da suka dogara da shi kaɗai ba sa son kauri.

Mataki na biyu: duba fitilar kafin mara lafiya ya zauna

Juyo kan fitilar ka kalle shi da kyau. Sau da yawa za ka tarar da guntun kwamfozit ko gam ya bushe a kai, ko farin dattin da tururin na'urar kashe ƙwayoyin cuta ke bari, ko tsaga. Kowanne a cikinsu yana tare haske. A kankare busasshen ciko da abin roba, ba da ƙarfe mai kaifi ba, a goge da abin da kamfanin ya amince da shi. In fitilar mai sandar gilashi ce da ake cirewa, zare ta, ka ɗaga ɗaya bakin wajen taga, ka leƙa ɗayan: baƙaƙen ɗigo da ka gani zarurrukan gilashi ne da suka karye, ba sa kai haske. In sun yi yawa, sandar ta gama aiki.

Ledar kariya da ake sa wa fitila wajibi ce don tsabta, amma a ja ta ta ɗame a kan gilashin, kada ta yi tattara, kada kuma ɗinkin ledar ya ratsa ta tsakiyar inda haske ke fita. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan sakaci da shi.

Sai awo. Ido ba ya iya gane fitilar da ta rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, don har yanzu za ta yi shuɗi mai kashe ido. Na'urar awon haske ta hannu, wato rediyomita, ita ce mafita. Ba ta da daidaito irin na ɗakin bincike, kuma na'ura biyu kan ba da lamba daban a kan fitila ɗaya. Amfaninta shi ne kwatance: auna fitilar ranar da take sabuwa, rubuta lambar, sannan ka riƙa aunawa da wannan na'urar dai a kai a kai, da ledar a jiki kamar yadda za ka yi aiki. In lamba ta fara gangarowa, ka nemi dalili. A halojin, ƙwai da matatar haske da madubin bayan ƙwan duk suna tsufa. A LED marar waya, wasu kan rage ƙarfi in batir ya yi ƙasa ba tare da sun nuna alama ba, musamman masu arha da ba a san asalinsu ba.

Mataki na uku: yi lissafin abin da ciko ke bukata

Ƙarfin fitila ana faɗinsa da miliwat a kan kowane murabba'in santimita. Amma ciko ba ƙarfi kaɗai yake nema ba, jimillar hasken da ya sha ce ke aiki, wato ƙarfi sau lokaci. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce hawa ɗaya na ciko mai kaurin milimita 2 yana bukatar kimanin jul 16 a murabba'in santimita, jul kuwa shi ne ma'aunin wannan jimilla. Asalin lambar daga zamanin halojin ne: miliwat 400 sau sakan 40 ya ba da milijul 16,000, wato jul 16. Fitila mai miliwat 1,000 za ta ba da jul 20 a sakan 20. Ka ga dalilin da ya sa sakan 20 ya zama abin da aka fi gani a takardun kaya a yau.

Sai dai wannan lissafi yana da iyaka, kuma a nan ne talla ke shigowa. Za a ce maka fitila mai miliwat 3,000 tana gamawa cikin sakan 3. Ko a takarda, jul 9 ke nan. Ban da haka, ɗaurin ƙwayoyin yana da nasa saurin. In ka watsa musu haske mai tsanani lokaci guda, da yawa daga cikin abin da aka tayar sukan kashe juna kafin su yi aiki. Akwai kwamfozit ƙalilan da aka haɗa musamman don gajeren lokaci irin wannan, kuma takardarsu ta faɗa. In ba su ba, sauri ya haifi nawa. Wani abin kuma, a sakan 3 in hannunka ya goce na sakan ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na hasken ya tafi. A sakan 20 wannan gocewar ba ta kai ta kawo ba.

Akwai kuma dabarar da ke cikin lambar kanta. Ana samun ta ne ta raba dukkan hasken fitila da girman filin kanta a murabba'in santimita. Ɗauki fitila mai fitar da miliwat 500 gaba ɗaya. In faɗin kanta milimita 10 ne, lambar za ta fito wajen 640. In aka tsuke kan ya koma milimita 7, sai ta haura zuwa wajen 1,300, alhali ko ɗigon haske bai ƙaru ba, wurin da yake rufewa ne ya ragu. Don haka babbar lamba a jikin kwali ba ita ce shaidar fitila mai kyau ba. Ni dai na fi son fitila mai faɗin kai da matsakaicin ƙarfi wadda haskenta ya bazu daidai, a kan mai tsinin kai da lamba mai ban tsoro.

Mataki na huɗu: shirya kayan da wurin

Kwamfozit da aka fito da shi daga firiji yanzu-yanzu yana da kauri, ƙwayoyinsa ba sa motsi sosai, ɗaurin kuma yakan ragu. A fito da shi tun da wuri ya saki sanyi. Wasu ma kan ɗumama shi a na'ura ta musamman, tsakanin digiri 50 da 68 a ma'aunin Salshiyas, don ya yi laushi ya kwanta a bango da kyau. Yana taimakawa, amma zafin kan gudu cikin minti ɗaya ko biyu da fitowa, sai an yi hanzari. Duba ranar lalacewar kaya, ka kuma rufe murfin sirinji da zarar ka ɗiba.

Fitilar kujera ita ma tana da shuɗi a cikin haskenta. In ka bar ta a kan ciko kana gyara siffa, saman zai fara kamawa kafin ka gama, ya yi ɓurɓushi, ya ƙi manne wa hawa na gaba yadda ya kamata. A kawar da ita gefe ko a kunna matatar ruwan lemu in tana da shi.

Yawu da jini da danshin numfashi suna hana manne, don haka robar killace haƙori ta fi auduga nesa ba kusa ba duk inda za ta yiwu. In an taɓa sa cikon wucin gadi mai sinadarin yujinol a ramin, a wanke shi tas, domin yujinol yana kashe ɗaurin roba.

Gam ɗin da ake shafawa kafin ciko shi ma hasken yake bukata, kuma shi ne ya fi kowa nisa da fitila, don yana can ƙasan rami. Bayan shafawa, a hura iska a hankali har sai ruwan da aka narkar da shi a ciki, asiton ne ko giyar sinadari ko ruwa, ya tashi, fuskar ta daina motsi, ta yi sheƙi bai ɗaya. Gam da ya rage da ruwa a ciki ba ya sandarewa da kyau komai daɗewar haske. Sannan a haska shi cikakken lokacinsa kafin a sa ciko, a ƙara in ramin mai zurfi ne.

Mataki na biyar: kauri

Haske yana raguwa da sauri yayin da yake ratsa ciko: sinadarai da kala suna shanye wani, garin gilashi yana warwatsa wani. Shi ya sa aka tsayar da milimita 2 a matsayin iyakar kowane hawa na kwamfozit na yau da kullum. Matsalar ita ce ido ba ya iya kintata milimita 2 a cikin rami, kusan kullum yakan raina zurfin. Ɗauki tsinken awon dasashi mai zanen milimita, ka auna ramin kafin ka fara, ka san hawa nawa za ka yi. Rami mai milimita 6 hawa uku ne aƙalla, kowanne da haskensa.

Kala tana da tasiri. Ciko mai duhu, da wanda ba ya nuna abin da ke bayansa irin wanda ake rufe tabo da shi, suna tare haske fiye da mai garau. A irinsu a rage kauri zuwa milimita 1 ko 1.5, a ninka lokaci in takarda ta ce haka. Kwamfozit mai ƙananan ƙwayoyin gari sosai, irin wanda ake so don sheƙi a haƙoran gaba, shi ma yakan warwatsa haske da yawa.

Akwai kayan da aka yi don a zuba su da yawa lokaci guda, har milimita 4, wasu 5. Ba sihiri ba ne: an sa su sun fi bari haske ya ratsa, an kuma ƙarfafa sinadarin da ke tayar da ɗauri. Suna aiki in an bi sharaɗinsu. Amma milimita 4 milimita 4 ne, ba 6 ba, kuma su ne suka fi bukatar fitila lafiyayya, tunda ƙasan ya yi nisa. Masu ruwa-ruwa daga cikinsu galibi sai an rufe samansu da kwamfozit mai ƙarfi a wurin tauna.

Yin hawa-hawa yana da wata fa'ida ban da haske. Kwamfozit yana tsukewa yayin da yake sandarewa, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na girmansa, masu ruwa-ruwa ma fiye. In ya manne da bango da yawa lokaci guda, sai ya ja su, ko ya ɓalle daga ɗaya. Ramin saman turmi, wato haƙorin tauna, shi ya fi haɗari: bango biyar a manne, fuska ɗaya kawai a sake. Ɗora hawa a jingine, ya taɓa bango ɗaya da ƙasa, ka haska, sannan ka koma ɗaya gefen.

Mataki na shida: riƙon fitila

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi lalata shi. Za ka ga an ɓata rabin sa'a ana gyaran rami da kyau, ana zaɓen kala, ana sassaƙa siffa, in aka zo haskawa sai a miƙa wa wanda ya fi ƙarancin ƙwarewa a ɗakin, shi kuma ya cusa fitila a baki, ya danna, ya juya fuska gefe don kada haske ya shiga idonsa. Cikin sakan biyar kan fitilar ya zame daga turmi ya koma kan kunci ko haƙorin kusa, ba wanda ya sani. Ƙarar fitila ta yi, a ce an gama.

Maganin wannan shi ne tabarau mai launin ruwan lemu, ga mai haskawa da mataimaki da mara lafiya. Shuɗin haske, musamman a wajen nanomita 440, yana cutar da bayan ido in ana yawan kallonsa, don haka juya fuskar ba wauta ba ce. Wautar ita ce rashin tanadin abin da zai ba ka damar kallo. Ƙaramin garkuwar da ke maƙale a jikin fitila bai wadatar ba. Sa tabarau, ka zuba ido a kan haƙorin daga farko har ƙarshe.

Gyara zaman mara lafiya da buɗin bakinsa yadda kan fitila zai sauka a kan ciko a miƙe, fuskar gilashin tana kwance daidai da fuskar cikon. In ta karkata, wani haske ya tarwatse, tudun haƙori ko ƙarfen da aka kewaye haƙorin da shi kuma ya jefa inuwa cikin rami. Wurin da inuwar ke faɗawa kuwa kusan kullum shi ne kusurwar ƙasa ta kusa da dasashi, a ramin da ya gangara tsakanin haƙora biyu. Wannan kusurwa ita ce ta fi nisa, ta fi danshi, a nan ne kuma sabuwar ruɓa ta fi kamawa. A turmi na biyu na baya, musamman ga yaro ko wanda bakinsa ba ya buɗuwa sosai, sandar gilashi mai lanƙwasa takan ƙi shiga a miƙe. Fitila mai siririn kai kamar buroshi ta fi dacewa a nan. In ba ta, sa abin tokare baki, ka ƙara lokaci.

Sai nisa. A sakan na farko riƙe kan fitilar kamar milimita 1 daga ciko don kada ya manne ko ya ɓata siffa, da saman ya kama sai ka sauke shi ya zauna a kai. Dafa yatsa a haƙorin kusa, ka tallafi kan fitilar da yatsun ɗaya hannun, kamar yadda kake yi da injin huda. Ka tuna cewa ko ka ɗora fitila a kan tudun haƙori, gindin ramin da ke tsakanin haƙora yakan kai milimita 6 ko 7 daga gilashin. A wannan nisa fitilu da yawa sun rasa kusan rabin ƙarfinsu, masu tsukakken kai da ake kira tobo ma fiye da haka, don haskensu yana bajewa da wuri. Ke nan sakan 20 da takarda ta faɗa, wanda aka auna fitila na manne da ciko, bai ishi hawa na farko a rami mai zurfi ba. Ninka shi. Hawa na ƙasa shi ya fi cancantar haƙurinka, ba na sama ba.

Faɗin kai ma abin lura ne. Turmin farko na ƙasa yakan kai milimita 11 daga gaba zuwa baya. Kan fitila mai milimita 7 ko 8 ba zai rufe cikon da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe ba. Kada ka yi ta yawo da fitila kamar mai fenti, domin kowane wuri zai sami rabin rabonsa ne kawai. Haska gaba cikakken lokaci, ka matsa baya ka sake cikakken lokaci, wuraren biyu su ɗan hau juna. Haka nan ba duk faɗin gilashin ne ke fitar da haske daidai ba: gefen yakan yi rauni, wasu fitilun kuma suna da wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu-duhu, a masu ƙwai iri biyu ma wani ɓangare shuɗi ne wani shunayya. In ka san taka haka take, ɗan juya kan kaɗan tsakanin haskawa ta farko da ta biyu.

Mataki na bakwai: kula da zafi

Ƙara lokaci yana da farashinsa. LED ba ta da zafi a jiki kamar halojin, amma hasken da take fitarwa yana zama zafi a cikin haƙori, ɗaurin cikon kansa ma yana fitar da nasa. Gwajin da Zach da Cohen suka yi a kan birai a 1965 ya nuna cewa ƙarin digiri 5.5 a cikin ɓargon haƙori ya kashe shi a kashi 15 cikin 100 na haƙoran da aka gwada. Haɗarin ya fi yawa lokacin haska gam a rami mai zurfi, don ba abin da ya raba haske da jijiya sai siririn bango. Dasashi da leɓe kuma, saboda jan launinsu, suna shan shuɗin haske su ƙone, mara lafiyar da aka yi wa allurar kashe zafi kuwa ba zai ji ba balle ya faɗa. Robar killacewa ba ta kare naman da ke ƙarƙashinta daga wannan.

Don haka in za ka yi sakan 40, raba shi biyu, ka ɗan dakata a tsakani, mataimaki yana hura iska a kan haƙorin. A rami mai zurfi zaɓi matsakaicin ƙarfi da dogon lokaci maimakon mafi ƙarfi. In kana son sanin zafin fitilarka, haska bayan hannunka na sakan 20, za ka sha mamaki.

Mataki na takwas: bayan hawa na ƙarshe

Ƙarfen da aka kewaye haƙori da shi ba ya barin haske ya shiga ta gefe. Da ka cire shi, haska ta ɓangaren kunci, ka sake ta ɓangaren harshe, kana auna kusurwar nan ta kusa da dasashi. Hasken da ya ratsa haƙori yana raguwa ƙwarai, don haka wannan ƙari ne a kan haskawar sama, ba madadinta ba.

Iskar oksijin tana hana siririn saman ciko sandarewa, shi ya sa yake danƙo-danƙo bayan an haska. Tsakanin hawa da hawa wannan danƙo alheri ne, shi ke haɗa su, kada a goge shi. A hawa na ƙarshe kuwa ba a son sa, don yana kama launi. Gogewa da sulɓewa suna cire shi a inda kayan aiki ke kaiwa. A lungun da ba sa kaiwa, shafa man gilisarin a kan ciko ka ƙara haskawa ta cikinsa, sannan a wanke. A haƙoran gaba, siririyar leda mai garau da ake matse ciko da ita tana yin wannan aikin.

Ɗaurin yakan ci gaba a hankali har kusan sa'a 24 bayan an kashe fitila, amma daga inda haske ya kai shi yake ɗorawa. Ba ya gyara wurin da bai sami haske ba.

In abin da kake mannawa hular haƙori ce ko ɓawon tangaran, hasken sai ya ratsa ta kafin ya kai simintin. Siririn ɓawo mai garau na haƙorin gaba yana barin isasshen haske ya wuce. Da kauri ya kai wajen milimita 2, ko abin zirkoniya ne marar garau, ko ana manna sanda a cikin saiwar haƙori, sai a koma ga siminti mai hanya biyu, wanda ke sandarewa da haske da kuma haɗuwar sinadaransa. Shi ma a haska shi ta kowace fuska, don yawancinsu sun fi ƙarfi in sun sami haske.

Gwajin da za ka yi da hannunka

Gani ya kori ji. Ƙa'idar ISO 4049, wadda ake auna kayan ciko na roba da ita, tana da gwaji mai sauƙi da za a iya kwaikwaya a kan tebur. Ana cika rami mai faɗin milimita 4 da zurfin milimita 6 a cikin ƙarfe da kwamfozit, a haska ta sama, a turo shi waje, a kankare mai laushin da ke ƙasa da abin roba, a auna tsawon abin da ya rage, sannan a raba biyu. Ana rabawa ne domin ba duk abin da ya ƙi kankaruwa ne ya sandare yadda ake so ba. Ƙa'idar ta nemi sakamakon kada ya gaza milimita 1.5, ko milimita 1 ga kala marar garau. Ga kayan zubi mai yawa sai a yi ramin ya fi haka zurfi. A ɗakin bincike kuma akan gwada taurin ƙasa da na sama, a nemi na ƙasa ya kai aƙalla kashi 80 cikin 100 na na sama.

Yi gwajin da kwamfozit ɗin da ka fi amfani da shi, fitila na manne da ramin. Sake yi ka ɗaga ta milimita 6. Sake yi ka karkatar da ita kamar yadda takan karkata a turmin baya. Sake yi da kala mafi duhu da kake da ita. Jera guntayen a kan farar takarda, ka rubuta sharaɗin kowanne a ƙasansa, ka kira duk wanda ke riƙe fitila a wurin aikinku ya zo ya gani. Daga tsawon guntayen za ku tsayar da lokacin da ya dace da fitilarku da kayanku, ku rubuta shi ku liƙa kusa da kujera, ku kuma sake gwajin duk lokacin da aka sauya fitila, ko sandarta, ko irin kwamfozit.